Ranar da Na Maƙale a Tsanin Alhaji Garba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Alhaji Garba Mai Rediyo makwancinsa, kuma har yau idan na ga tsani jingine da bango a wani lungu na unguwar Nima sai gabana ya faɗi sau biyu, sau ɗaya don kewar mutumin, sau ɗaya don tsanin kansa. Yayan matata Adiza ne, ubangidana ne a sana'a, shi ne kuma ya kafa ƙungiyarmu ta masu haɗa wutar sola da masu sayar da kayanta a nan zangon Accra. Ni ne Sulen da ya gaje shi a shugabanci. Yadda aka yi na gaje shi kuwa labari ne da 'yan ƙungiya ke bayarwa a duk wurin suna da ɗaurin aure, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Bana na ce gara in ba da shi da bakina, tunda dai ni aka yi wa dariyar.

Alhaji ya zo daga Nijar yana saurayi, ya kafa ɗan kiyos na gyaran rediyo a Maamobi. Lokacin da ɗauke wuta ya ishi gari, abin nan da muke kira dumso, sai ya ɗora faifan sola guda ɗaya a kan rufin kiyos ɗin. Mutane suka yi ta masa dariya, wai Alhaji ya shanya madubi. Ba a yi wata guda ba masu dariyar suka fara layi da wayoyinsu a hannu suna roƙon caji. Daga nan teloli suka biyo, sai masu aski, sai matan da ke sayar da zoɓo mai sanyi. Ya koya wa mutane da yawa aikin, har da ni, ko da yake ni na fi ƙwarewa a zaman shago. Sai dai kasuwa na buɗewa, duk wanda ya mallaki sukuddireba ya zama injiniya. Batura suka fara kumbura a ɗakunan mutane, rufin gidaje ya fara yoyo inda aka huda shi babu ilimi. Alhaji ya ce in ba mu haɗu mun tsawata wa kanmu ba, sunan sana'ar zai ɓaci kafin ta yi ƙafa.

Taron farko a falonsa aka yi, kuma rabin Nima ta hallara. Akwai wani mai sayar da awaki da ya zo neman muƙamin uban ƙungiya. Akwai wanda bai taɓa riƙe waya ba sai ta shanya, amma ya yi jawabi mai tsawo kan makomar makamashi. Daga la'asar har aka kira magariba ba a tsayar da komai ba sai wanda zai zauna kusa da fanka. Da aka watse Alhaji ya ce da ni in sanar cewa taro na gaba a saman gidansa za a yi, ranar Asabar, da tsakar rana.

Wanda bai san gidan ba ba zai gane muguntar da ke cikin wannan sanarwa ba. Irin gidajen nan ne da aka zuba wa rufin siminti a sama, rodi na tsaye yana jiran bene na biyu da har yau bai zo ba. Babu matattakala. Hanya ɗaya ce, tsanin katako mai mataki goma sha shida. Alhaji ya kafa doka uku: wanda bai hau ba ba ya magana, ba a kafa rumfa, kuma takalmi a ƙasa ake barinsa don kada silifas ya kwashe mutum. To, ka tsaya ƙafa ba takalmi a kan siminti da tsakar ranar Accra ka ga iya tsawon jawabinka. Mai awaki bai sake zuwa ba. Masu dogon bayani suka koyi taƙaitawa, suna magana suna ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya. Alhaji yakan ce ranar da muke ci da ita, ita ce za ta riƙe mana lokaci. Jiki magayi, ba a taɓa yin taron da ya wuce rabin awa ba.

A nan matsalata ta fara. Ni Allah Ya halicce ni da tsoron bisa. Ba faɗuwa na taɓa yi ba, ba mafarki ba, haka kawai nake. Ko kujera na taka don in sauya ƙwan fitila sai na karanta abin da ya sawwaƙa. Amma yaya za a yi sakataren ƙungiyar masu hawa rufi ya faɗi haka? Sai na shiga ƙirƙirar uzuri. Yau gwiwa, gobe jiri, jibi babbar riga ce a jikina. Da uzurin ya ƙare sai na samo wanda ya fi duka: ai dole wani ya riƙe tsani. Na riƙe shi ranar farko, na riƙe ta biyu, na riƙe shi shekara goma, ina ganin na yi wa duniya wayo.

Daga gindin tsanin nake rubuta bayanin taro, ina jin abin da iska ta kawo mini. Zagi ya fi komai saurin saukowa, ni kuwa ba na rubuta shi. Idan wani ya ce wa wani ɓarawon kwastoma, sai in rubuta cewa an tattauna batun iyakar unguwanni. Sati na zagayowa in karanta musu daga ƙasa da ƙarfi, kowa ya yi mamakin irin dattakun da ya nuna. Sa'an nan ga wani abu da ban lura da amfaninsa ba sai daga baya. Tsani mutum ɗaya yake saukarwa a lokaci guda, kuma da baya ake saukowa. Duk zafin ran da mutum ya kwaso a sama, ba ya yi wa wanda ke riƙe masa tsani rashin kunya. Ina ce masa, “Sauko, ina riƙe,” kafin ya dira na gama ba shi haƙuri, na miƙa masa takalminsa da ruwan sanyi. Rigima da yawa a kan mataki na uku ta mutu.

Kuma ba ni kaɗai nake a ƙasa ba. Ƙungiya ta yi ta girma. Masu shagunan batir da inbata na Adabraka suka shigo, mutane masu tumbi irina. Matan da ke sayar da fitilun sola a kasuwa suka shigo. Dattawa daga Newtown suka shigo. Duk waɗannan ba masu hawa ba ne, a wurina suke taruwa ƙarƙashin inuwar bango, suna faɗa mini damuwarsu ina aikawa sama da ihu. A hankali na ƙasa suka fi na sama yawa, amma doka na nan, ba su da bakin magana. Suka fara gunaguni cewa za su kafa tasu. Na sama kuma suna cewa wanda bai san zafin kwano a tafin hannunsa ba ba zai tsara musu aiki ba.

Kwanakin baya ƙungiya ta kai mu horon shugabanci a wani otal, ɗaki mai sanyi kamar firij, da ruwan gora da biskit. Malamin ya zana mana da'ira da kibiyoyi, ya ce shugaba na gari shi ne mai sauraro daga ƙasa. Daga baya ya sa kowa ya juya baya ya faɗa hannun abokinsa don a koyi amana. Na ce masa ni a ɗauke mini wannan darasi, na riga na yi shi a gaban jama'a. Ina zaune ina ta tunanin Alhaji. Na tabbata da yana nan da ya fara tambayar wa ya haɗa musu wayar na'urar sanyin, sa'an nan ya nemi a kashe ta don a gama da wuri.

A shekarar da gwiwoyinsa suka ƙi, Alhaji ya kasa hawa tsanin da shi ya kafa dokarsa. Ya tara mu ya ce zai sauka daga shugabanci, kuma ni yake so a zaɓa. Wanda ya fara tsalle ya dire shi ne Razak, babban gwanin masu hawa, wanda ake kira Ƙadangare saboda ba a taɓa ganin bangon da ya gagare shi ba. Ya ce shi bai ƙi Sule ba, amma doka doka ce, a sama ake zaɓe, ɗan takara ya hau ya tsaya a gabansu. In bai hau ba su masu hawa za su tsayar da nasu. Na ƙasa kuma suka ce in aka ƙi Sule, ranar za su fita su bar ƙungiyar. Abin da Alhaji ya yi shekaru yana ginawa ya zo ya rataya a kan ƙafafuna, kuma ni kaɗai na san irin ƙafafun da nake da su. Haka dai nake zato.

Na same shi bayan la'asar yana shan shayi, na kawo masa dalilai tara da suka sa Razak ya fi ni dacewa. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko akwai na goma. Na ce babu. Ya ce to shi ke nan, sai Asabar. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na faɗa wa Adiza cewa yayanta ba shi da imani. Ta ce ai ta riga ni sani, tare suka tashi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ta zo, masu hawa su goma sha ɗaya suka haye kamar wasa. Na ƙasa suka cika layin, har mai koko da ƙosai ta matso da teburinta don ta ga ciniki. Na tuɓe takalmi, na naɗe ƙafar wando, na duba wanda zai riƙe mini. Sai ga Alhaji ya jingine sandarsa, ya dafa tsanin da hannu biyu. Na yi bisimilla. Mataki na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na biyar na fara jin kamar katakon yana numfashi. A na takwas na yi kuskuren da nake hana kowa, na kalli ƙasa. Na hango tsakiyar hular Alhaji, na hango kwata, na hango ƙosai ƙanana a cikin mai. Sai hannuwana suka rungume tsanin, ƙafafuna suka ce su nan suka tsaya.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Masu ba da labari suna cewa awa biyu, ni ina ganin bai kai ba, amma ba ni da bakin musu. Abin da na sani shi ne na toshe hanya ɗaya tilo da ake da ita. Na sama ba su iya saukowa, na ƙasa ba su iya hawowa su ɓamɓare ni. Rana ta take, siminti ya ɗauki wuta. Ina jin mutum goma sha ɗaya suna rawa a kaina ba kiɗa. Wani ya ba da shawara a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce a jawo katifa. Adiza tana cewa, “Baban Fati, ka rufa mana asiri ka zaɓi ɗaya, ko sama ko ƙasa.”

Razak ya leƙo da kansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa har kan goshina. Ya ce da Hausarsa ta zango mai gauraye da yaren gari, “Cale, Sule, rana shi na gasa mu paa. Mi ya faru? Gwiwan ne kuma?”

Ga ƙofa ya buɗe mini. Da na ce gwiwa ce da an yarda, ko an yi kamar an yarda. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa na kai ƙarshensa a tsakanin sama da ƙasa, kuncina manne da katako. Na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, “Ba gwiwa ba ce. Tsoro nake ji. Tun da nake ban taɓa hawa rufi ba, ƙarya nake muku shekara goma.”

Har mai ƙosai sai da ta dakata da juyawa. Na jira dariya. Sai na ji Razak ya sauke numfashi ya ce, “To, alhamdu lillahi. Mun san shi tun tuni, ba wanda bai sani ba koraa. Alaji ne ya ce wanda ya faɗi maka, shi da shi.”

Wato shekara goma ina ɗingishin ƙarya a gaban mutanen da suka sani, suna mini sannu, wani har man zafi ya taɓa kawo mini. Kunya ta rufe ni fiye da tsoron. Razak ya ci gaba da magana yana sauya ƙafa. Ya ce su ba hawana suke buƙata ba, masu hawa sun ishe su. Abin da ya ƙi shi ne shugaban da zai dube su ya yi musu ƙarya kan abin da ba ya iyawa, don irin wannan shi ne zai tura mutum kan ruɓaɓɓen kwano ya ce lafiya ƙalau. Tunda na faɗa, shi ya janye.

Daga ƙasa Alhaji ya ɗaga murya ya ce taro ya cika, tunda ɗan takara bai kai sama ba kuma bai taka ƙasa ba, yau kowa na da ƙuri'a. Na ƙasa suka ɗaga hannu. Na sama ma suka ɗaga, da sauri irin wanda ban taɓa gani ba a wani zaɓe. Har gobe abokan wasana suna cewa ba don cancanta aka zaɓe ni ba, don a samu hanyar sauka ne. Ban taɓa musantawa ba. Sai dai zaɓen bai sauko da ni ba, ina nan maƙale. Alhaji ya rage murya, ni kaɗai yake yi wa magana. Ya ce, “Sule, kada ka kalli kowa. Sauko, ina riƙe.” Kalmomina ne ya mayar mini. Na saki hannu ɗaya, na laluba da ƙafa. Da na dira na ga hannuwansa na nan a kan tsanin, ashe duk tsawon lokacin nan tsoho mai ciwon gwiwa bai saki ba ko sau ɗaya.

Na yi shugabanci zango biyu daga ƙasa. Abin da na fara yi shi ne soke dokar hawa, kuma Razak ne ya goyi bayan ƙudurin. Na yi kurakurai, wasu Alhaji ya gani ya yi mini faɗa, wasu ya riga ya tafi. Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada a ce don ya mutu na wanke shi. Yabo a bakinsa ya fi ruwan famfon Nima wuyar zuwa. Taurin kai kuwa, in ya ce a'a sai dai a jira ya manta. Ya hana 'yarsa Ramatu hawa rufi, wai ba aikin mata ba ne. Ta koya a ɓoye, kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni nake riƙe mata tsani.

Yau Ramatu ce shugabar ƙungiya, da ƙuri'ar na sama da na ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ta gaji hannunsa a aiki, ta kuma gaji bakinsa. Muna da ofis, muna da mambobi har cikin masu albasa na Agbogbloshie da suka sa sola a rumfunansu, muna ba sababbin masu haɗawa takardar shaida bayan jarrabawa. Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya leƙo. Ina jin zai yi gunaguni kan Ramatu na kwana biyu, sa'an nan ya bi unguwa yana faɗa wa mutane cewa shi ya koya mata. Abin da ba zai yafe mana ba shi ne taron waya da muke yi yanzu, kowa na kwance a ɗakinsa ƙarƙashin fanka, ana awa huɗu ana cewa kuna ji na. Ramatu ma ta gaji da shi. Ta dawo da taron saman gida sau ɗaya a shekara, a makon rasuwarsa, ga wanda ya ga dama. Makon jiya aka yi na bana. Ta tuɓe takalmi ta ce, “Baba Sule, ka kama aikinka.” An gama cikin minti ashirin.

Idan na auna abin da ya rage na Alhaji, ba faifan da ya fara ɗorawa ba ne, wannan ya daɗe da mutuwa. Ba dokokinsa uku ba ne, mun soke ɗaya da hannunmu. Abin da ya rage shi ne ya san raunin mutum shekara goma bai tona ba, ya ba shi aikin da raunin ba zai hana shi ba, ya jira har mutumin ya faɗa da bakinsa, kuma ranar da zai faɗa ya tsaya a ƙarƙashinsa. Na yi ƙoƙarin yi wa wasu haka. Ban kai shi haƙuri ba.

Bai cika shekara biyu da sauka ba ya rasu, da safiyar wata Laraba. A maƙabarta aka ce na kusa da shi su shiga kabari su karɓe shi. Ban jira an kira sunana ba na sauka, don wannan ƙasa ce, wurina ne. Razak da sauran masu hawa suna tsaye a sama da shi a hannunsu, sun tsaya suna duban juna, ba wanda yake so ya fara saki. Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Na ɗaga hannu biyu na ce musu, “Ku sauko da shi, ina riƙe.”

Allah Ya jiƙan Alhaji Garba, Ya sa ya tarar da mai riƙe masa a can.